Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Fama da Gajiya da Kasala a Lokacin Juna Biyu

Mace takan kwana tana barci, ta tashi da safe ta ɗora ruwa a wuta, amma kafin ruwan ya tafasa sai ta ji ƙafafunta sun yi nauyi har ta nemi wurin zama, idanunta na lumshewa kamar wadda ba ta runtsa ba. Cikin bai fito ba tukuna, wataƙila bai wuce mako 8 ba, kuma ba kowa a gidan ne ya san da shi ba. A daidai wannan lokaci ake tafka kuskuren farko, wato a ɗauki gajiyar a matsayin son jiki ko lalaci, har ita kanta mai cikin ta fara zargin kanta, ta cije ta ci gaba da aiki don kada a ce ta faye raki.

Gajiyar farkon ciki tana da tushe a cikin jiki. A watanni ukun farko sinadarin furojestaron, wanda jikin mace ke samarwa don riƙe ciki, yakan ƙaru ƙwarai, kuma shi ne ke saukar wa mace da barci da mutuwar jiki. A lokaci guda jiki yana gina mabiyiya, wadda ta nan ɗan tayi zai riƙa samun abinci da iska, jini kuma ya fara ƙaruwa, ƙarin da kan kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kafin ƙarshen ciki, zuciya tana bugawa da sauri fiye da da domin ta tura shi. Duk wannan aiki ne da ido ba ya gani, shi ya sa ake raina shi. Ga yawancin mata, ƙarfi yakan dawo bayan mako na 12 zuwa na 14, sannan gajiyar ta sake kunno kai a watannin ƙarshe, lokacin da nauyi ya ƙaru, barci ya yi wuya.

Gyaran wannan kuskure shi ne a rage aiki da gaske. Mai ciki ta lura da lokacin da ta fi jin ƙarfi a yini, ta ajiye ayyuka masu nauyi zuwa wannan lokacin, abin da za a iya yi a zaune ta yi shi a zaune, abin da zai iya jira zuwa gobe ya jira. Barcin rana na minti 20 zuwa 30 yana wartsakar da jiki ba tare da ya ɓata barcin dare ba. A nan dole in yi magana da miji da sauran mutanen gida, domin hutun da ake ta faɗa wa mace ta yi ba zai samu ba muddin aikin da ta bari yana nan yana jiran ta. "Ki huta" ba ta da amfani idan babu wanda ya karɓi wankin ko ya ɗauke mata yaron da ke jan zanenta.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma a ganina ya fi shi haɗari. Shi ne a jingina kowace irin gajiya ga ciki, a ce "ai ciki ya gaji haka, da kin haihu zai wuce." Sau da yawa abin da ke ɓoye a bayan kasalar da ta ƙi tafiya shi ne ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kusan kashi 37 cikin 100 na masu juna biyu a duniya suna fama da shi, kuma babban dalilinsa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, wanda jiki ke buƙata domin ƙera jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska. Buƙatar mace ga wannan sinadari takan tashi daga miligiram 18 a rana zuwa kusan 27 idan ta ɗauki ciki, wadda kuwa ta shiga ciki da ɗan abin da ta tara, ko ta haihu ba da jimawa ba, da wuya abinci kaɗai ya cike mata wannan gurbi.

Ana iya gane alamunsa idan an kula. Mace takan yi haki bayan ɗan taku kaɗan, ta ji jiri idan ta miƙe, zuciyarta ta riƙa dukan ƙirji ko tana zaune. Idan aka ja fatar idonta ta ƙasa, sai a ga cikin fatar ya yi fari fat maimakon ja, haka tafin hannu da farce. Wasu kuma sukan kamu da kwaɗayin tauna ƙanƙara ko cin ƙasa, abin da ake yawan ɗauka kwaɗayin ciki ne kawai, alhali yana da alaƙa da ƙarancin sinadarin ƙarfe. Amma ido ba ya yanke hukunci a nan, gwajin jini ne ke yi. Idan ma'aunin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza giram 11 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini a farkon ciki ko ƙarshensa, akwai ƙarancin jini. Saboda haka jinkirta zuwa awo har sai ciki ya tsufa babban kuskure ne. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko a cikin makonni 12 na farko. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita zai iya kayar da ita. A wuraren da zazzabin cizon sauro ya yawaita kuma, shi ma yana cinye jini a ɓoye, don haka kwana cikin gidan sauro da shan maganin rigakafin da ake bayarwa a wurin awo suna cikin maganin gajiya, ko da ba a saba kallon su haka ba.

Daga nan sai batun ƙwayoyin ƙarin jini, waɗanda ake karɓowa da niyya mai kyau sannan a jefa su cikin aljihun tebur bayan kwana huɗu ko biyar. Ba na ganin laifin matan da ke yin haka ɗungurungum, domin ƙwayar takan tayar da zuciya, ta busar da ciki, ta mayar da bayan gida baƙi, kuma sau da yawa ba wanda ya yi musu bayanin cewa hakan zai faru. Baƙin bayan gida ba illa ba ne. Tashin zuciya yakan ragu idan aka sha ƙwayar da dare kafin kwanciya ko bayan an ɗan ci wani abu, bushewar ciki kuma tana sauƙi da yawan shan ruwa da cin kayan lambu da 'ya'yan itace. Idan duk da haka ta ƙi zama, a koma wurin likita ko ungozoma a canza nau'i ko yadda ake sha, kada a daina a yi shiru. Abin da aka ba da shawara a kai shi ne miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid, wani nau'in bitamin, kowace rana. Akwai kuma wani ƙaramin kuskure da ke zubar da rabin amfanin maganin, wato korawa da shayi, gahawa ko madara, domin dukkansu suna hana hanji tsotse sinadarin yadda ya kamata. A kora da ruwa ko ruwan lemon zaƙi, a bar tazarar awa ɗaya ko biyu kafin shayi. Kuma a yi haƙuri, domin jini ba ya dawowa cikin kwana uku, yakan ɗauki makonni kafin a ji bambanci.

Wasu sukan nemi ƙarfi a cikin gahawa, shayi mai kauri da lemukan kwalba masu sa kuzari. Kuzarin da suke bayarwa aro ne, yakan gushe cikin ɗan lokaci ya bar mace a gajiye fiye da yadda ya same ta, ga shi ya hana ta barcin dare. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, kuma hukumomin lafiya da dama sun sa iyakarsa a miligiram 200 a rana, abin da bai wuce kimanin ƙananan kofuna biyu na gahawa ba. Haka nan duk wani haɗin ƙarin ƙarfi ko maganin barci da ba likita ya rubuta ba, a nisance shi.

Wajen cin abinci ana kuskure ta fuska biyu. Mai laulayi takan ƙaurace wa abinci saboda tsoron amai, alhali cikin da ba komai ya fi tayar da zuciya, sukarin jini ya sauka, jiki ya ƙara mutuwa. Maganinsa a ci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini, a ajiye wani abu busasshe kusa da shimfiɗa a ɗan taɓa kafin a tashi. Ɗaya fuskar ita ce zancen cewa mai ciki tana ci ne na mutum biyu. A watanni ukun farko kusan babu ƙarin da ake buƙata, daga baya ma ƙarin bai kai cikakken kwano ba, kuma cika ciki da abinci mai nauyi da zaƙi yana jawo ƙwannafi da kasala. Ingancin abincin ne abin lura: nama, kifi, ƙwai, wake da koren ganye. Ruwa kuwa, mata da yawa suna rage shi da gangan don gudun yawan fitsari, sai ƙishirwar ta koma ciwon kai da gajiya. A sha sosai da rana, a rage dab da kwanciya.

Kwanciya yini guda ma kuskure ce, sai fa idan likita ne ya ce a yi. Jikin da ba ya motsi yakan ƙara nauyi, barcinsa ya lalace. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga mai cikin da ba ta da wata matsala ita ce minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato kamar tafiyar minti 30 a kwana biyar, da saurin da za ta iya magana ba tare da numfashinta ya sarƙe ba. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10.

Da dare kuma, daga mako na 28 ya kamata a bar kwanciya rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. A kwanta ta gefe, matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ciki. Idan an farka an ga an juya rigingine, ba abin firgita ba ne, a gyara kwanciya kawai. Wayar hannu kuma a ajiye ta nesa da shimfiɗa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne yin shiru. Akwai gajiyar da ba ta jini ba ce kuma ba ta barci ba, ta zuciya ce: mace ta ji komai ya fita ranta, ta riƙa kuka ba dalili, ta daina jin daɗin abin da take so a da, ta kasa tashi ko da jikinta lafiya. Kusan mace 1 cikin 10 tana fuskantar irin wannan damuwa a lokacin ciki, kuma cuta ce mai magani, wadda ya kamata a faɗa wa ma'aikacin lafiya idan ta kai mako biyu. Gajiya tare da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari fiye da kima na iya nuna ciwon sukari na masu ciki, wanda ake yawan gwadawa tsakanin mako na 24 da na 28. Idan kuwa gajiyar ta zo da ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannaye, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi a zaune, suma, zazzaɓi, zubar jini, aman da ba ya barin ko ruwa ya zauna, ko raguwar motsin jariri, to ba a jiran ranar awo. A tafi asibiti a wannan ranar, ko da tsakar dare ne, kuma a tafi da katin awo da sauran magungunan da ake sha domin likita ya gani.