Yadda nake raba diski huɗu a kwamfutar haɗa kiɗa

Lokacin da na fara haɗa kiɗa, komai nawa a diski ɗaya yake zaune: Windows, manhajar aiki, sautukan ganguna, muryoyin mawaƙa, har da hotunan waya. Ranar da diskin ya fara wani ƙas-ƙas sannan ya ƙi tashi, manhajojin duk na sake sauke su cikin kwana biyu. Muryar wata mawaƙiya da muka kwana uku muna ɗauka kuwa, ta tafi ke nan. Tun daga ranar, duk abin da zan ajiye sai na tambayi kaina: in wannan ya ɓace, zan sake samunsa ko kuwa? Amsar ce ke nuna mini diskin da zai zauna.

Diski na farko na kwamfutar ce ita kanta. SSD, wato diski mai sauri wanda ba ya juyawa, mai gigabait 500 ya wadatar. A kansa za ka ɗora Windows ko macOS, da manhajar haɗa kiɗan da kake aiki da ita, FL Studio ce ko Cubase ko Ableton, da fulogin-fulogin ɗinka, wato ƙananan manhajojin sauti da ke aiki a cikinta. Ka bar fulogin a inda suka zaɓa wa kansu, musamman nau'in da ake kira VST3, da a Windows ke da foldarsu ta musamman a cikin Common Files. Kada ka ajiye waƙa ko ɗaya a nan, ko a kan fuskar kwamfuta ma, domin ranar da za ka goge komai ka sake ɗora Windows, kana so ka yi hakan hankali kwance.

Na biyu na ayyukan da ke hannu ne, kuma shi ne wanda na fi ji da shi. Mutane na cewa a ware shi ne saboda sauri, amma lissafi bai goyi bayan hakan sosai ba a yau. Layin murya guda, a ingancin ɗauka na bit 24 da kilohaz 48, yana cin kusan megabait 8.6 a minti ɗaya. Layi 40 gaba ɗaya ba su kai megabait 6 a daƙiƙa ba, alhali SSD na yau da kullum, nau'in SATA, yana kai wajen 550. Dalilin warewar shi ne tsari da tsaro: duk abin da babu shi a ko'ina a duniya sai wurinka ya taru wuri guda, yadda kwafe shi zai zo da sauƙi. Kowace waƙa da foldarta, sunan ya fara da kwanan wata, shekara a gaba, kamar 2024-03-14, sai sunan waƙar, don su jeru da kansu. A ciki ina da folda uku: ɗanyen ɗauka, fayilolin aikin, da abin da na fitar. Kuma kafin in rufe aiki, sai na sa manhajar ta tattaro duk sautukan da na aro daga wasu wurare. A Ableton umarnin shi ne Collect All and Save, a Cubase akwai Backup Project, FL Studio kuma tana iya dunƙule aikin da sautukansa cikin fayil ɗin zip. In ba ka yi haka ba, bayan shekara guda za ka buɗe waƙar ka tarar gangar ba ta nan.

Na uku na rumbun sautuka ne, kuma a nan ne sauri ke da amfani na gaske. Manhaja irin Kontakt, mai kunna sautukan kayan kiɗa da aka ɗauka, ba ta ɗora dukan sautin piyano ko goge cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin-gadi ta kwamfuta. Farkon kowane sauti kawai take riƙewa, sauran tana janyo shi daga diski a lokacin da ka danna maɓalli. Tsohon diski mai juyawa sai allurarsa ta yi ta tsalle tana neman ɗaruruwan ƙananan guntaye, daga nan ne sauti ke yankewa. In kana da NVMe, wato nau'in SSD mafi sauri, guda ɗaya babba, irin mai kai wajen megabait 3,500 a daƙiƙa, nan ne wurinsa. A Windows ka shiga Disk Management ka ba shi harafi daga can ƙarshen baƙaƙe, ni S na ba nawa. In ka bar shi da D ko E, wata rana ka sa filashi harafin ya sauya, manhajar za ta ce ba ta ga sautukanta ba.

Na huɗu na ajiyar kwafi ne. Tsohon diski mai juyawa, na waje, mai terabait 4 ko fiye, ya dace, tunda ba gudu ake nema ba. Duk daren da na yi ɗauka nakan kwafe diski na biyu zuwa kansa, sannan in cire wayarsa. Diskin da ke jone kullum, abin da ya sami kwamfutar zai iya samunsa, ko wuta ce ko bairos. Haka folda mai daidaita kanta da intanet: in ka goge fayil bisa kuskure, can ma sai ta goge. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan irin ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban, ba a gini ɗaya da sauran ba. Rumbun sautuka ban cika damuwa da kwafe shi ba, tunda ana sake sauke shi.

Wajen fomat, wato tsarin da diski ke ajiye fayiloli da shi, NTFS ga Windows, APFS ga Mac. Diskin da zai riƙa yawo tsakanin biyun kaɗai za ka yi wa exFAT. Ka guji FAT32, ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Kada ka cika SSD maƙil, ka bar kamar kashi ɗaya cikin biyar a buɗe.

In diski biyu kawai kake da su, ka haɗa manhajojin kwamfuta da rumbun sautuka a ɗaya, ayyuka a ɗayan, sannan abin da za ka fara ƙarawa ya zama na kwafi. Duk ƙarshen wata nakan jona diskin kwafin, in zaɓi wata tsohuwar waƙa daga kansa, in buɗe ta, in saurara daga farko har ƙarshe, in tabbatar kowane layi yana magana.