Yadda ake jera bayani: darasi daga shafin girkin masa

Mai karanta girki a tsaye take gaban murhu, hannu duk mai, tana leƙa shafin littafi ko fuskar waya ta koma kan tukunya. Saboda ita ne shafin girki mai kyau yake jera bayani bisa lokacin da za a buƙace shi. Tsarin ma a hankali aka gano shi: a Ingila, marubuciyar littafin girki Eliza Acton a 1845 tana ware kayan haɗi da adadinsu, amma a ƙarshen kowane girki, sai littafin Isabella Beeton na 1861 ya mayar da jerin sama, inda mai shirin cefane za ta fara ganinsa.

Ɗauki masa a matsayin misali. Ƙarƙashin sunan girkin, layi na farko ya faɗi mutum nawa zai isa da tsawon lokacin da zai ci, har da na jira. Nan marubuta da yawa ke tuntuɓe. Sai su rubuta "minti 40", alhali shinkafar tana buƙatar jiƙo na awa 6 ko kwana guda, ƙullun kuma sai ya yi wasu awanni kafin ya tashi. Idan aka binne jiƙon a mataki na uku, wadda ta yi niyyar karin kumallo da masa sai ta gane da safe cewa tun jiya ya kamata ta fara. Duk abin da zai iya hana aikin yiwuwa, a sama ake sa shi. Tanda ma haka: a ambace ta tun farko.

Kayan haɗi a jera su yadda za a yi amfani da su, kowanne da ma'auninsa. "Gwangwani 4" bai wadatar ba, sai an ce na madara ne ko na tumatir. Idan abu ɗaya zai rabu biyu, a faɗa a cikin jerin: shinkafar tuwo gwangwanin madara 4, uku na jiƙo, ɗaya na dafawa. In ba haka ba, za a jiƙa duka.

Matakai kuwa, kowanne aiki ɗaya, da lambarsa, don ido ya san inda ya tsaya. Gargaɗi kuma ya riga aikin da yake karewa zuwa. A rubuta "bari dafaffiyar shinkafar ta huce" kafin a zo maganar yis, domin zafi yana kashe yis, ƙullu ya ƙi tashi. Gargaɗin kanwa ma ya zo kafin zuba ta, tunda idan ta yi yawa masar kan yi rawaya da ɗanɗanon kanwa. Wanda aka ajiye a ƙasan shafi, sai bayan ɓarna ake karanta shi.

Kada a dogara da agogo kaɗai, domin ƙullu a hunturu ya fi jinkirin tashi. A haɗa lokaci da alama: ya kumbura, kumfa ta fito a sama. A tanda kuma, a juya masa idan gefenta ya kama, ƙananan ramuka sun bayyana a samanta.

Wannan jerin yana aiki ga sanarwar rajistar makaranta ko bayanin cike fom: ranar rufewa da kuɗi a sama, takardun da za a zo da su a jere, sannan matakai. Tarihin hukumar da jawabin godiya su koma ƙasa.

Kafin ka wallafa, miƙa shafin ga wanda bai taɓa yin aikin ba, ka yi shiru kana kallo. Duk inda ya ɗago kai ya yi tambaya, sa alama a wurin, ka duba ko bayanin ne babu, ko kuwa yana nan amma ya zo a makare.