Yadda za ka haɗa ɗan bidiyon tallan kayanka da AI, ya fito kamar na manyan kamfanoni

Ƙanwata ce ta jawo min wannan harkar, turaren wuta da humra take sayarwa a gida, kullum sai ta ɗauki kwalba ta ɗora a kan gado ta ɗauki hoto ta watsa a sitatus, rannan ta ce min yaya dan Allah ba za ka haɗa min irin bidiyon nan da hayaƙi ke tashi a hankali kamar a talabijin ba? Na ce ai sauƙi ne, na buɗe wata manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basirar na'ura, na rubuta mata wai ta yi min bidiyon kwalbar humra a kan tebur. Toh bidiyo ya fito kam, kyakkyawa ma kuwa, sai dai kwalbar ba tata ba ce, wata doguwar kwalba ce ta gilas mai murfin zinare irin ta Dubai, rubutun jikinta kuma ba Hausa ba ne ba Larabci ba ba Turanci ba, wasu ƙwaƙule-ƙwaƙule ne kawai. Da mun saka shi da kwastoma ta yi oda ta ga an kawo mata wani abu daban, kuma kun san yadda ake ƙarewa da irin wannan a grup ɗin mata.

Daga nan na gane inda gizo ke saƙar. Manhajojin nan hanya biyu suke aiki. Akwai wadda za ka rubuta bayani kawai su ƙirƙiro komai daga kansu, akwai kuma wadda za ka ba su hoton ainihin kayanka ka ce su motsa shi. In talla za ka yi, ta biyun ita ce taka, ta farkon ka bar ta sai wajen abin da ba kayanka ba ne, kamar garwashi yana ci ko labule yana kaɗawa ko ruwan sama a bayan taga.

Manhajojin suna da yawa kuma kusan duk wata sai an fito da sabon salo. Akwai Kling na kamfanin Kuaishou na ƙasar Sin wanda ya fito a 2024, a farkon fitowarsa bidiyon sakan 5 ko 10 yake bayarwa. Akwai Runway na Amurka, da Luma Dream Machine, da Pika, da Hailuo. Akwai Veo 3 na Google da aka fitar a watan Mayun 2025, shi sakan 8 yake bayarwa kuma har da sauti yake haɗowa. Kar ka tsaya ɓata lokaci wajen neman wanne ya fi, ɗauki ɗaya da ke ba da kiredit na gwaji kyauta, wato makin da ake cire maka duk bidiyon da ka haɗa, kuma yake karɓar hoto, ka saba da shi tukuna. Abin da nake so ka lura da shi a nan shi ne gajartar, duk cikinsu guntu-guntu suke bayarwa, saboda haka tallanka na sakan 20 ba a lokaci ɗaya zai fito ba, gutsattsari uku ko huɗu za ka haɗa.

Kafin ka taɓa waya ma, samu takarda da biro. Rubuta me za a gani a farko, me zai biyo baya, me zai rufe. Na ƙanwata haka muka tsara shi: guntun farko garwashi a kasko hayaƙi na tashi, na biyu kwalbar humrarta kamara na matsowa kusa da ita, na uku kwalaben guda uku a jere, na ƙarshe hoto tsayayye mai ɗauke da suna da farashi da lambar waya. Shi ke nan. Kuma abin da ya fi kama ido shi za ka sa a gaba, domin mai kallon sitatus yatsansa na kan allo, in sakan biyun farko ba su riƙe shi ba ya wuce kafin ya ga sunanka.

Yanzu maganar hoto, wanda shi ne rabin aikin gaba ɗaya kuma nan ne mutane ke yin sakaci. AI ba ya gyara mummunan hoto, motsa shi kawai yake yi, in ka ba shi dishi-dishi zai cike abin da bai gani ba da ƙirƙirarsa, nan ne zanen atamfarka zai koma wani zane. Goge gilashin kamarar wayarka da gefen riga, wallahi wannan kaɗai yana canza hoto. Ɗauka da rana kusa da taga ko a inuwar tsakar gida da hantsi, kar ka kunna fitilar waya, kar kuma ka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarkin nan mai ruwan ɗorawa don zai canza kalar kaya, kuma mai sayen shadda ko leshi kala yake saye. Bayan kayan ya zama fili, farin kwali ko yadi mara zane ya isa, ba gadon da aka shimfiɗa zanin gado mai furanni ba. Riƙe wayar a tsaye ba a kwance ba, saboda TikTok da Reels da sitatus duk tsayayyen bidiyo suke so, wanda a manhajar za ka ga an rubuta 9:16, ka zaɓi wannan tun farko don in ka yi kwantacce daga baya ka zo yankewa rabin kayan zai tafi. Sannan ka bar ɗan fili a sama da ƙasan kayan, a nan rubutu zai zauna. Abu ɗaya a hoto ɗaya ya fi fitowa da kyau, in ka tara takalma goma sha biyu a hoto guda za ka ga wasu na narkewa cikin wasu da zarar kamara ta motsa.

Sai umarnin da za ka rubuta masa, wanda 'yan harkar ke cewa furomt. Gaskiya sun fi jin Turanci, amma wannan ba abin tada hankali ba ne, rubuta da Hausarka ka ba ChatGPT ko Gemini ya juya maka, ka ce masa umarnin bidiyo ne ya taƙaita. Kuskuren da na riƙa yi da farko shi ne yabon kayan, ina rubuta wai humra mai ƙamshi mai daɗewa a jiki, alhali na'ura ba ta da hanci, abin da ido ke gani kaɗai take ganewa. Tunda ka riga ka ba ta hoto ba sai ka sake siffanta kwalbar ba, motsi za ka faɗa mata: me ke motsawa, yaya kamara ke tafiya, wane irin haske. Ga irin wanda ya yi mana aiki: kamara na matsowa a hankali zuwa kwalbar, siririn hayaƙi na tashi daga baya, haske mai taushi daga hagu, kwalbar da rubutun jikinta su tsaya yadda suke ba canji. Ka ga motsin kamara ɗaya ne kawai a ciki. In ka ce ta matso kuma ta zagaya kuma murfi ya buɗe kuma hannu ya ɗauka, duk a sakan biyar, abin da zai fito sai ka yi dariya. Kalmar a hankali ɗin nan kuma kar ka raina ta, yawancin abin da ke sa tallan manyan kamfanoni ya yi kama da mai tsada shi ne natsuwar kamara, ba komai ba.

Zagayawa ma ka yi hattara da ita. In kamara ta zagaya bayan kwalba ko bayan jaka, AI bai taɓa ganin bayan ba, don haka ƙirƙirowa zai yi. Matsowa, ja da baya, ko ɗan gotawa gefe sun fi aminci.

Akwai abubuwan da har yanzu suke ɓatawa kuma gara ka sani tun kafin kiredit ɗinka ya ƙare a kansu. Yatsu na farko, sun samu sauƙi a kan da amma in hannu na murɗa murfi ko yana warware yadi sai ka ga yatsa ya ƙaru ko ya shige cikin kayan. Na biyu rubutu, musamman namu mai ƙ da ɗ da ɓ, kar ma ka gwada sa shi ya rubuta maka suna ko farashi a cikin bidiyon. Na uku shigarmu, na taɓa neman mace Bahaushiya da gyale tana shafa turare, aka ba ni wata da shigarta rabi ta Indiya rabi ta Larabawa, namiji kuma hular da aka ɗora masa ba zanna ba ce ba kuma wata hula da na taɓa gani a kan mutum ba. Toh in kana son hannu ko mutum a tallanka, ɗauki wannan guntun da wayarka, sakan uku na hannun gaske yana zuba turare a garwashi, ka cusa shi a tsakiyar na AI. Haɗin nan ma shi ke sa mai kallo ya yarda cewa kayan na nan a ƙasa, ba a cikin kwamfuta kawai ba. 'Yan Kantin Kwari masu atamfa da leshi, ku naku ya fi kowa haɗari, bayan bidiyo ya fito ku tsayar da shi a tsakiya da ƙarshe ku kwatanta zanen da yadin da ke hannunku, in fure ya canza siffa ko kala ta gusa ku watsar ku sake.

Kuma za ka sake ɗin, kar ka yi zaton na farko zai fito daidai. Ni dai na saba sai na gwada uku ko huɗu kafin in samu guda mai kyau, kowane gwaji kuma kiredit yake ci ko ya yi kyau ko bai yi ba. Shi ya sa in manhajar na da zaɓin mai sauri mai arha, fara da shi da sakan 5, sai ka ga umarnin ya zauna sannan ka hau mai inganci. In ka tashi gyara umarni abu ɗaya za ka canza a lokaci guda don ka san me ya gyaru. Na kyauta yawanci yana zuwa da tambarin kamfanin a gefe kuma layi na da tsawo, wasu ma sharaɗinsu bai yarda a yi kasuwanci da na kyautar ba, don haka ka leƙa sharuɗɗan. Biyan kuma da dala ne wata-wata, kuma yana sabunta kansa, in wata ɗaya kake so ka tuna ka kashe shi kafin ya sake cira. Dabarar da ta fi ita ce ka tara hotunan kaya goma ka shirya umarninsu, ka biya wata ɗaya ka yi su duka.

Haɗawa a manhajar gyaran bidiyo ake yi, CapCut ko InShot, duk a waya. Jera gutsattsarin, ka yanke ƙarshen kowanne domin galibi a sakan na ƙarshe ne abubuwa ke fara karkacewa. Kar ka cika shi da juye-juyen nan masu walƙiya tsakanin guntu da guntu, yanka kai tsaye ya fi kama da aikin gwani. Rubutu salo ɗaya, kala ɗaya ko biyu, kalmomi kaɗan, kuma ka gwada ko salon rubutun na fitar da ƙ da ɗ don wasu akwati suke nunawa a madadinsu. Kar ka kai rubutun can ƙasa ko gefen dama, maɓallan TikTok da bayanin bidiyo za su rufe shi. Lambar waya ta zauna aƙalla sakan uku, mutum ya samu damar ɗaukar sikirinshot.

Murya kuwa taka ce ta fi. Muryoyin na'ura in sun zo Hausa karin sautin ne ke ba su wuya, kuma mu kalma ɗaya in an karkata sautinta sai ta koma wata ma'ana, mai sauraro na ji zai gane. Shiga ɗaki mai labule da katifa, kashe fanka, jira maƙwabci ya kashe janareta, riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka ka faɗi jimla uku kamar kana yi wa kwastoma magana a shago: mene ne, nawa ne, ina ake samu. In za ka sa kiɗa ka rage shi sosai a ƙarƙashin muryar, kuma ba kowace waƙa ake yarda a yi talla da ita ba, TikTok na da rumbun sauti na daban don asusun 'yan kasuwa, ɗauka daga nan kar a kashe maka sautin bidiyo. Wanda ba ya son kiɗa ma ƙarar garwashi ko ta buɗe kwalba ta wadatar.

Abu ɗaya da ba zan taya kowa ba shi ne ɗauko fuskar ɗan fim ko malami ko muryarsa a sa shi yana yabon kayanka bai sani ba, wannan zalunci ne kuma zai iya kai ka gaban hukuma. Haka masu man shafawa da maganin gargajiya, kar a sa AI ya haɗa hoton kafin da bayan amfani, fata ta yi sumul alhali ba man ne ya yi ba. TikTok da YouTube kuma suna buƙatar ka nuna alama in bidiyon na AI ne mai kama da gaske, maɓalli ne kawai wajen ɗorawa, ka danna.

Fitar da bidiyon a ingancin hoto na 1080p. In wani za ka tura wa ya ɗora, tura ta WhatsApp a matsayin dokumen ba a matsayin bidiyo ba, in ba haka ba za a matse shi sau biyu ya isa sitatus yana dishi-dishi. Kafin ka watsa kalle shi sau ɗaya ba sauti, ka ga ko wanda ke cikin adaidaita ba iyafis zai gane me ake sayarwa da nawa ne. Sannan ka tura wa mutum ɗaya da ya san kayan a zahiri ka tambaye shi, wannan kwalbar tamu ce? Na ƙanwata umma muka nuna wa, ta ƙura masa ido ta ce murfin ya fi na gaske sheƙi, dole na koma na sake guntu na biyu.