Yadda na gyara takardunmu na aure a Meziko

Alhamdu lillahi, an karɓi takardunmu bayan an dawo mana da su har sau biyu, kuma na gode wa wata mata da ta nuna min kuskuren da na yi.

A bakin teku a Kankun, wani birni a Meziko, muka shirya ɗaurin auren. A Meziko auren rajista kaɗai doka ta sani. Bikin da otal ke shiryawa a kan rairayi ado ne kawai idan ba jami'in rajista ya ɗaura ba. Sau biyu aka dawo mana da takardun haihuwarmu.

Na zaci fassarar ce ta ɓaci, na sake biya aka fassara. Na kai wa lauya ya buga hatimi. Duk a banza.

Ashe jerin aikin na birkita. Sai an fara buga hatimin apostil, wato hatimin da ke tabbatar wa wata ƙasa sahihancin takarda bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg a 1961, a ƙasar da ta ba da takardar. Bayan nan mai fassara da hukumar Meziko ta amince da shi ya juya komai zuwa Sifaniyanci, har da rubutun hatimin kansa. Nan na yi tuntuɓe, fassarata ta riga hatimin.

Na sake yin aikin bi da bi. Muka yi gwajin jini a can Meziko, muka kawo shaidu 4 da fasfo ɗinsu, aka sa mana rana.