Kurakuran da na gaji da gani a sanarwar sojoji

Jiya da daddare wani ƙanena da aka tura ofishin hulɗa da jama'a na wata runduna ya turo min sanarwar da ya rubuta, wai in duba masa kafin ya kai wa oga. Layi goma sha biyu ne kacal amma sai da na ƙirga kuskure bakwai, kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne babu ko ɗaya sabo a ciki, duk na sha ganinsu tun ina ɗakin labarai ina fassara irin waɗannan takardu zuwa Hausa, kafin daga baya ni ma na yi 'yan shekaru ina rubuta su a matsayin ma'aikacin farar hula. Sababbi suna kwafar na tsofaffi, tsofaffin kuma sun daina dubawa. To bari in faɗa a fili kowa ya ji.

Babban ciwon shi ne rubuta abin da ba ka tabbatar ba don kawai ana sauri. Saƙon soja, wato sigina, ya zo daga fagen daga, oga yana tsaye a kanka, 'yan jarida na ta kiran waya, sai ka ɗauki "ana kyautata zaton" ka mayar da shi "an tabbatar". Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku je ku karanta abin da ya faru a Afrilun 2014. An sace 'yan matan Chibok daren 14 ga wata, bayan kwana biyu Hedikwatar Tsaro ta bakin kakakinta na lokacin, Manjo Janar Chris Olukolade, ta ce an kuɓutar da su saura takwas. Shugabar makarantar ta ce ba haka ba ne, iyaye suka ce ina 'ya'yan namu, washegari aka janye magana, alhali yara sama da 200 suna daji. Ka tsaya ka yi tunanin uwar da ta ji wannan sanarwa a rediyo ta yi sujudar godiya. Haka batun Shekau, an yi shelar mutuwarsa a 2013, an sake a 2014, a 2016 aka ce an yi masa mummunan rauni, kowane karo sai ya fito a bidiyo, har ya zamana da ya mutu da gaske a Sambisa a watan Mayun 2021 mutane da yawa suka ƙi yarda. Ranar da kake da gaskiya a hannu, kurakuran baya ne za su hana a saurare ka, kuma sojan da ke kwana a rami shi ake yi wa kallon maƙaryaci, shi da bai rubuta ko harafi ɗaya ba.

Ni abin da nake yi, kuma ban ce kowa ya yarda da ni ba, duk lambar da za ta shiga sanarwa sai na rubuta da fensir a gefenta sunan wanda ya ba ni ita, sannan in tambaye shi da bakina: kai ka ƙirga ko gaya maka aka yi? In gaya masa aka yi, lambar ta fita. Gara in rubuta cewa ana kan ƙirgawa kuma za a fitar da adadi da yamma. Ku tuna sace 'yan makarantar Kuriga ta jihar Kaduna a Maris ɗin 2024, adadin farko da ya bazu 287 ne, da yaran suka dawo aka ce 137, aka kwashe kwanaki ana gardama a kan lissafi maimakon murna. Sannan "an ceto" daban, "an sako" daban, in ba ka san wanne ne ya faru ba ka ce sun dawo hannun hukuma ka tsaya nan.

Na biyun shi ne wanda har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, domin ni na aikata shi da hannuna. Wani harin kwanton ɓauna aka yi, muka rasa mutane, aka miƙo min jerin sunaye aka ce in shirya sanarwa. Ina ganin girmamawa ce in sa suna da muƙamin kowa, na sa, na tura wa 'yan jarida. Ashe ba a riga an je gidan ɗaya daga cikinsu ba. Matarsa a Facebook ta gani, tana cikin bariki tana dafa abincin rana, maƙwabciyarta ce ta miƙa mata waya tana tambaya wai wannan ba baban su wane ba ne. An kira ni an yi min faɗan da ban taɓa sha ba, an kuma ɗauke ni daga teburin na wani lokaci, amma wallahi duk wannan bai kai zafin ranar da na je yi mata gaisuwa ba, ta dube ni ta ce, "Malam, da ka bari an zo an gaya min a zaune." Ba ta ƙara ko kalma ba. Tun daga ranar, sunan mamaci ba ya fita daga hannuna sai na ji daga bakin wanda ya je gidan da ƙafarsa cewa an sanar da iyali, ko da duk jaridun ƙasar nan sun riga ni bugawa. Kuma dan Allah ku daina tura daftari a guruf ɗin WhatsApp, mutum ɗaya ya tura wa abokinsa shi ke nan ta fita.

Sai wannan ɗabi'a ta musantawa kafin a bincika. Haba jama'a! Labari ya fito, ko waya ba ka ɗaga ka kira kwamandan wurin ba, ka riga ka buga masa tambarin ƙarya. A Oktoban 2020 shafin rundunar soji na Twitter ya yi ta liƙa wa rahotannin harbin masu zanga-zangar EndSARS a Lekki ta Legas tambarin labarin ƙarya, bayan 'yan kwanaki Runduna ta 81 da kanta ta ce sojoji sun je wurin bisa gayyatar gwamnatin Legas. Wa ya ci riba a nan? A Tudun Biri ta jihar Kaduna kuma, 3 ga Disamban 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85. Abin da ya ɗan sanyaya zukata shi ne zuwan Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, garin da kansa ya ba da haƙuri. In rai ya salwanta, ta'aziyya ce layin farko, bayanin yadda aka yi ya biyo baya, kuma kada ka kuskura ka rubuta jimlar da za ta sa mamaci ya zama kamar shi ya jawo wa kansa.

Sauran ƙanana ne amma suna zubar da mutunci. Muƙami: Kyaftin na sojan ruwa daidai yake da Kanar na sojan ƙasa, ba ɗaya yake da Kyaftin na ƙasa ba, haka Guruf Kyaftin na sojan sama shi ma Kanar ne. Sunan gari: Bama daban Baga daban, Maru ba Maradun ba ce, Birnin Gwari na Kaduna, Birnin Magaji na Zamfara, kuskuren harafi biyu zai sa mutanen wani gari su kwana a firgice, ni taswira nake liƙawa a bango kuma kullum sai na haɗa da sunan ƙaramar hukuma. Rundunar yaƙi da Boko Haram ta Lafiya Dole ta koma Haɗin Kai tun 2021 amma har yanzu akwai masu kwafo tsohon kan takarda. Fansan Yamma kuma, rundunar yaƙi da 'yan bindiga a Arewa maso Yamma, yau a rubuta "Fansan" gobe "Fasan", a cikin takarda ɗaya ma na taɓa gani. Ƙarfe 1430 na cikin bariki ne, wa jama'a ka ce biyu da rabi na rana.

Hoto: kada ka ɗauko na bara ka liƙa a labarin bana, yaran yanzu cikin minti ɗaya za su tono asalinsa da Google. Fuskar yara da matan da aka kuɓutar kuma a rufe ta, gida za su koma su zauna da mutane.

Akwai kuma wannan tsohuwar jimla da ba ta tsufa a wajenku, wai sauran 'yan ta'addan sun tsere da raunukan harsashi, kowace sanarwa sai ta fito kamar dole. Wa ya bi su ya duba raunin? Haka jibga kirari, gwarazan dakarunmu, jaruman dakarunmu, sau biyar a shafi ɗaya, edita zai goge su duka kafin ya buga. Sannan wannan kalmar Turanci ta "neutralised" da kuke so kamar me, mai fassara a gidan rediyo bai san kashewa kuke nufi ko kamawa ko raunatawa ba, sai ya zaɓi "hallaka" ya wuce. Shi ya sa nake cewa ofishin da ke aiki a Borno ko Zamfara ko Katsina ya fitar da tasa Hausar da kansa tare da ta Turancin, a Borno ma har da Kanuri, tunda waɗanda abin ya shafa a rediyo za su ji.

Shi dai ƙanen nawa na mayar masa da takardarsa na ce ya cire adadin da ya sa, ya kira wanda ya ƙirga, sannan ya karanta ta da ƙarfi a gaban wani kofur da bai san zancen ba, duk inda kofur ɗin ya ce "me ke nan, oga?" ya sake wannan layin. Da asuba ya turo min ta biyu, saura kuskure ɗaya, ya rubuta Sabon Birni a jihar Zamfara, alhali a Sakkwato take.