Babi Na Bakwai: Dankali Nawa Zai Ishi Baƙi?

Darasi na 1: Ƙidayar baki

Iyayena da 'yan'uwana mata, sannunku da ƙoƙari. Yau lissafin girki za mu yi. Dankalin da muke magana a kai shi ne dankalin Turawa, wanda masu kayan miya a Makka da Jidda ke ce wa baɗaɗis, ba na Hausa mai zaƙi ba.

Kowace ta buɗe sabon shafi, wato wanda ba a rubuta komai a kansa ba. Ku fara daga hannun hagu, don boko muke rubutawa, ba Larabci ba. Ku rubuta kalmomin nan biyu: baƙi, baki. Ku dube su da kyau. Ta farko tana da ƙ mai lanƙwasa a ka, ta biyu ba ta da ita. Baƙi su ne waɗanda kika gayyata. Baki kuwa shi ne duk wanda zai sa hannu a tire. Baki za mu ƙidaya, ba baƙi ba.

Ga yadda ake yi. Duk babban mutum ɗaya, ki ja masa sanda ɗaya a takarda. In sanduna sun kai huɗu, ta biyar ki gitta ta a kansu. Wannan shi ne ƙulli ɗaya, mutum biyar ke nan. Yara biyu sanda ɗaya gare su. Kada ki ji kunya in hannunki na rawa, karkatacciyar sanda ma sanda ce.

To, su wa za a ja wa sanda? Maza na majalisa. Mata na cikin gida. Yara. Nan yawancinku kuke ajiye fensir, kuma nan ne kuskuren yake. Ki ɗauki fensirinki. Ina mutanen gidanki? Ina matan da suka zo taya ki fere tun da hantsi? Ina maƙwabciyar da za a kai wa kwano? Ke kanki fa, Hajiya, ba za ki ci ba? Ki ja wa kanki sanda.

A ajinmu na bara wata baiwar Allah ta yi suna, ta ƙidaya baƙinta tsaf, ba ta manta ko ɗaya ba. Bayan la'asar na shiga madafa na tarar da mata shida da suka wuni a gaban wuta suna zaune, tukunya a tsakiya, ba komai cikinta sai romo da ɓaren albasa. Gurasa suka tsoma suka ci. Ba su ce komai ba, amma ita mai jego har yau in ta tuna sai ta yi ƙwalla. Ba rowa ta yi ba, baƙi ta ƙidaya ta bar baki.

Mu sake. Maza, mata, yara, mutanen gida, masu taya aiki, maƙwabta, ke kanki. Ku faɗa da ƙarfi. A sake faɗa. Madalla.

Darasi na 2: Daga ƙulli zuwa kilo

Kilo ɗaya giram 1000 ne. Dankali matsakaici, wanda zai cika tafin hannunki, guda biyar zuwa shida ke yin kilo. Babban mutum yana cin kamar giram 200, wato dankali ɗaya mai ɗan girma. Saboda haka ƙulli ɗaya, kilo ɗaya. Ba sai kin iya rabawa ba, ƙidaya ƙulli kawai.

Misali: maza 20, mata 25, yara 10, na gida da masu aiki da maƙwabta 10. Yara goma sanda biyar ne. Duka sanduna 60, ƙulli 12. Kilo 12 za a sayo.

Na duba littattafanku makon jiya, fiye da rabin aji sun rubuta kilo 10. Me ya sa? An sake mantawa da na gida da masu aiki. Haba, iyayena! Sau nawa zan faɗa? Wasu ma ba su ja sanda ko ɗaya ba, wai sun riƙe a ka. Da kai yana riƙewa, da ba mu taru a nan da fensir ba. Wadda ta zo gobe babu sanduna a shafinta, daga farko za ta sake. Maza, mata, yara, mutanen gida, masu taya aiki, maƙwabta, ke kanki.

Sai a kula da lamba in an je kasuwa, ko a Halaga ta Ka'akiyya, wato babbar kasuwar kayan miya ta Makka, ko a shagon unguwa. Biyar ta Larabci zagaye ce, haka: ٥. Ta yi kama da sifilin boko. Sifilin Larabci kuwa ɗigo ne. In kika ga zagaye cikin lambobin Larabci a jikin buhu ko a allon farashi, biyar ce. Ki nuna wa mai shago takardarki, ki kuma faɗa da baki.

Darasi na 3: Irin girkin

In dankalin miya za a zuba shi, ga kuma shinkafar kabsa a tire, rabi ya isa: ƙulli biyu, kilo ɗaya. In soyawa za a yi a ci da ƙwai, kamar lokacin buɗa-baki, ki ƙara, don soyayye yana motsewa kuma yara ba sa ɗaga hannu. Mutum huɗu, kilo ɗaya. Ki yi fere siriri, fere mai kauri yana tafiya da abinci cikin shara. Inda ya yi kore ko ya yi tsiro, a yanke a zubar. Wanda aka fere a tsoma shi cikin ruwa kada ya yi baƙi.

Darasi na 4: Ajiya

A ajiye a inuwa, inda iska ke shiga, ba cikin leda ba. Zafin Makka ba ya barinsa ya daɗe, kada a sayo tun saura mako biyu.

Aikin gida: walima, maza 15, mata 15, yara 8, na gida da masu aiki 6. Miya ce da shinkafa. Kilo nawa? A zo da sanduna.