Darasi Na Tara: Karen Kiwo A Cikin Gida

A Birnin Kebbi da Argungu yanzu ana yawan ganin wani kare mai tsayayyun kunnuwa, bayansa baƙi, ƙafafunsa ja-ja. Mutane na ce masa karen 'yan sanda. Asalinsa ɗan Jamus ne, da Turanci ana kiransa German Shepherd. A 1899 aka kafa ƙungiyar masu renonsa a can, kuma aikinsa na gado shi ne tsare garken tumaki. Namiji yakan kai kilo 30 zuwa 40.

Karen da kakanninsa suka saba wuni suna kewaya garke, in ka ɗaure shi a gindin dalbejiya da 'yar guntuwar sarƙa, me kake jira? Wani maƙwabcina ya yi haka. Kafin mako biyu karen ya tona rami a gindin katanga, ya yayyage tabarmar zaure, ya tauna takalmin sallar yaro. Da dare kuwa haushi har asuba. Maƙwabcin ya ce mini, “Malam, mugun kare aka sayar mini.” Na ce, “Alhaji, zaman banza ne ya ishe shi.” Da ya sa ɗansa fita da shi bakin fadama kullum, unguwa ta samu barci.

Saboda haka a fitar da shi sau biyu a rana, ya yi gudu har ya gaji. Amma a kula da lokaci. Gashinsa ninki biyu ne, na ƙasar sanyi, mu kuwa a Maris da Afrilu zafinmu yakan wuce digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi. A fita bayan sallar asuba, sai kuma dab da magariba. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa. In ta ƙone ka, shi ma za ta ƙona masa tafin ƙafa. A ajiye masa ruwa a inuwa, cikin kaskonsa shi kaɗai, kada a haɗa da kwanukan gida.

Za ka ga yana kewaye yara ko awaki, yana tara su wuri ɗaya, har yakan kai baki ga dunduniya. Jinin kiwo ne, amma kada a bar shi ya saba. A koya masa “zauna” da “bari” tun yana ɗan kwikwiyo, kuma kowa a gidan ya riƙa faɗin kalma iri ɗaya. Duka ba ya koya masa komai sai tsoro.

Ragowar tuwo kaɗai ba ta riƙe shi. A haɗa da nama ko kifin da aka cire wa ƙaya. Albasa tana ɓata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya soke hanji.

Da damina a riƙa duba kaska cikin kunnuwa da tsakanin yatsu. In ya kai wata uku, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a sake duk shekara. In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Aikin gida: rubuta lokuta biyu da suka dace a fitar da kare a watan Afrilu, ka faɗi dalili.